Murhun Jiki Da Gadar Gaya: Ma'aunin Magani Bai Kamata Ya Zama Na Aro Ba

A watan Satumba na 2024 hukumomin lafiya na Nijar suka zaɓi Gaya domin ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, karo na farko a tarihin ƙasar. Wanda ya san garin ba zai tambayi dalili ba. A yankin nan ne ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga Kogin Isa yana wucewa ta gefen gari, ga fadamun shinkafa da gonakin rake, ga kududdufan da damina ke bari a baya, kuma duk inda ruwa ya kwana sauro ya sami gida. A Disambar wannan shekara, jihar Kebbi, wadda garinta na Kamba ke maƙwabtaka da Gaya, ta zama ɗaya daga cikin jihohi biyu da Najeriya ta fara nata rigakafin. Abin da ba a cika bayyana wa iyayen da suka yi layi da goyo ba shi ne asalin ruwan da ke cikin 'yar kwalbar. An ɗauki rubutun gado na wani furotin da ke jikin ƙwayar cutar, aka dasa shi cikin yis, irin wanda mai burodi ke kwaɓa fulawa da shi, yis ɗin ya riƙa ƙera furotin a manyan tukwanen ƙarfe, aka tace, aka ɗura. Ashe fasahar dashen gado, wadda wasu ke yi wa kallon zancen Turai, ta riga ta shiga jikin yaran yankin Gaya.

Wannan fasaha tana da wani reshe da ba a yi wa kowa allurarsa, ba a kuma sayar da shi a kantin magani. Shi ne ƙera inzayim na jikin ɗan Adam, musamman waɗanda ke aiki a cikin mitokondiriya, domin masu bincike su ajiye su a kan tebur su riƙa gwada abubuwa da su. Kwalbarsu ba ta kai ɗan yatsa ba, abin da ke ciki kuwa sau da yawa bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Amma da ita ake rarrabe magani da guba kafin a kai ga bakin mutum, kamar yadda tiya ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da yawa daga cikin cututtukan da ke damun Gaya da kewayenta, na mutane da na dabbobi, suna haɗuwa a wannan lungu na jiki. Abin da ya faru da gadar garin tun 2023 kuwa ya nuna cewa yankin da ke jiran a aiko masa da ma'auni daga ƙetaren teku yana iya wayar gari ba shi da ko ɗaya. Saboda haka ya kamata jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasar Hausa su koyi haɗa waɗannan inzayim da hannunsu, aikin kuma bai fi ƙarfinsu ba.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A cikin kusan kowacce, in ban da jajayen ƙwayoyin jini, akwai wasu 'yan buhuna, ɗaruruwa a wani wuri, dubbai a wani, su ake kira mitokondiriya, kuma su ne murhun jiki. Tuwon da aka ci da kifin da aka sha romonsa, bayan hanji ya gama nasa, a can suke ƙarewa: a ƙona su da iskar da aka shaƙa, a mai da su wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kuɗin da tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa ke kashewa. Babban mutum yakan ƙera ya kuma kashe ATP da ya kusa nauyin jikinsa kowace rana. Wutar wannan murhu a hankali take ci, mataki bayan mataki, kowane mataki da ma'aikacinsa. Ma'aikatan su ne inzayim, wato furotin da ke hanzarta juyar da wani sinadari zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba, tamkar dillali a kara, wanda zai ƙulla ciniki ya tashi ya koma kan wani sa. Hans Krebs ya zayyana babban zagayen wannan ƙuna a 1937, Peter Mitchell ya bayyana yadda ake juya ta zuwa ATP a 1961. A 1981 masana a Kambirij ta Ingila suka karanta rubutun gadon da mitokondiriya ke ɗauke da shi na kansa, haruffa 16,569, wanda mutum ke gada daga uwa kaɗai. Furotin 13 kacal wannan rubutu ke ba da umarnin ƙerawa. Sauran fiye da 1,000 da ke aiki a murhun, umarninsu yana can cikin babbar taskar gado ta ƙwayar.

A zamanin su Krebs, mai son nazarin waɗannan ma'aikata sai ya nufi kwata ko kejin tsuntsaye. Da naman ƙirjin tantabara Krebs ya yi aikinsa, na bayansa suka dogara da zuciyar sa da hantar ɓera. An samu ilimi mai yawa ta nan, sai dai inzayim ɗin sa kama yake da na mutum, ba shi ba ne, kuma a harkar magani ɗan bambanci yana iya zama bambancin rai da mutuwa. Hanya ta buɗe a 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer a Kalifoniya suka nuna cewa ana iya yanko gado daga wata halitta a dasa shi cikin bakteriya ya kama, yadda manomin fadama ke cire shinkafa daga gandun reno ya kai ta fili. A yau ɗalibin digiri na biyu yana iya yin aikin cikin mako guda. Zai sa rubutun inzayim ɗin cikin wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, ya cusa shi cikin bakteriyar E. coli ta hanyar ɗan gigita ta da zafi, ya zuba ta a romon abinci cikin kwalba mai faɗin gindi, inji ya riƙa girgiza ta a zafin digiri 37. Bakteriyar nan tana rabuwa biyu duk bayan kamar minti 20, don haka kafin gari ya waye romon ya yi duhu kamar ruwan kogi a watan Agusta. Sai a tara ta, a farfasa, a bi da ruwan ta cikin wani bututu mai ɗauke da ƙarfen nikel. An riga an liƙa wa inzayim ɗin wata 'yar jela mai son nikel, shi sai ya maƙale, tarkace ya wuce. Abin da aka wanko a ƙarshe shi ne inzayim na ɗan Adam tsantsa, wanda bai taɓa zama a jikin kowa ba.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya fi nuna amfanin wannan 'yar kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe mutum 597,000 a 2023, kuma ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan asara, Najeriya ta ɗaya, Nijar ta uku. Ƙwayar cutar ita ma tana da mitokondiriya, kuma a 2007 wani rukunin masana a Filadelfiya ya nuna cewa, lokacin da take cikin jini, babban aikin murhunta shi ne ciyar da inzayim guda, DHODH, wanda da shi take ƙera tubalan rubutun gadonta. Idan aka ɗaure shi, ba ta da wata hanya, sai ta mutu. Matsalar ita ce mutum ma yana da nasa DHODH a nasa murhun. Ga yadda ake warware ta. Ana haɗa na ƙwayar cutar da na mutum, duka ta dashe, a zuba su a ramuka dabam-dabam na wani faranti mai ramuka 96, a ɗiga musu wani shuɗin ruwa mai kama da shuni. Muddin inzayim yana aiki, shuɗin yakan koɗe a hankali har ramin ya yi fari. Sai a ɗiga sinadarin da ake zaton magani ne. Abin da ake fata shi ne ramin ƙwayar cutar ya tsaya da shuɗinsa, alamar an ɗaure ma'aikacinta, ramin mutum kuwa ya koɗe kamar ba a sa masa komai ba. Idan duka biyun suka tsaya shuɗi, guba aka samu. Da irin wannan gwaji Margaret Phillips da abokan aikinta a Dalas suka tankaɗe sinadarai fiye da 200,000, aikin da ya kai ga wani magani mai suna DSM265, wanda har aka gwada shi a kan masu zazzaɓi a ƙasar Peru. An kuma lura cewa maganin ya fi taɓa inzayim ɗin ɓera a kan na mutum, abin da ke nuna cewa ɓera shi kaɗai ba zai iya ba da shaida a madadinmu ba.

Abin da rashin wannan ma'auni ke jawowa, Afirka ta ɗanɗana shi a jikinta. Lokacin da aka fara raba maganin cutar ƙanjamau da yawa a farkon shekarun 2000, haɗin da ya fi araha yana ɗauke da wani magani mai suna stavudine. Ya ceci rayuka masu yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma da tafiya ta yi nisa sai majiyyata suka fara kukan zugi da mutuwar ƙafafu, kumatu suna zurmawa, wasu jininsu ya yi tsami har rai ya yi halinsa. Dalili shi ne maganin, bayan inzayim ɗin ƙwayar cutar, yana kuma ruɗar inzayim ɗaya tilo da ke kwafe rubutun gadon mitokondiriyar mutum, sai murhu ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masana a Jami'ar Texas sun haɗa wannan inzayim ta dashe, suka jera magungunan ƙanjamau a gabansa, suka ga waɗanda ya fi haɗiya da waɗanda yake tofarwa, jerin nasu kuma ya yi daidai da abin da likitoci ke gani a gadon asibiti. A ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye stavudine sannu a hankali. Kafin nan ma, a 1993, wani maganin ciwon hanta da ake gwadawa a Amurka, fialuridine, ya kashe mutum 5 cikin 15 ta wannan hanya ɗaya, bayan ya tsallake gwajin dabbobi lafiya lau. Tun daga lokacin, tambayar ko sabon magani yana taɓa murhun jiki ta zama tambayar da ba a tsallakewa.

Zancen bai tsaya a kantin magani ba, ya shigo har madafa. Rogo na cikin amfanin gonar Gaya, garin rogo kuma na cikin kayan da suka fi tsallako kogi daga kasuwar Malanville ta ƙasar Benin. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, ita kuwa wannan guba kai tsaye take zuwa ta toshe ƙofar ƙarshe ta murhun jiki, inda iska ke shiga, sai mutum ya shaƙe alhali huhunsa cike da iska. Matan da ke fere rogo, su jiƙa shi kwana uku ko huɗu, ko su gurza su matse su soya, aikin cire guba suke yi ko da ba su san sunanta ba. Ɗan abin da ya rage, wani inzayim na mitokondiriyar hanta mai suna rodanis ne ke lalata shi, sai dai ba ya aiki sai da farar wuta, wadda jiki ke samu daga nama da kifi da ƙwai da wake. Shi ya sa cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo takan ɓarke inda fari ko yaƙi ya haɗa abu biyu, gaggawar sarrafa rogo da rashin abinci mai gina jiki, kamar yadda aka gani a arewacin Mozambik a 1981. Haka labarin gwanja kusa, itacen da fatake suka san shi a hanyar goro. A 1998 yara kusan 30 suka mutu a kudu maso yammacin Burkina Faso da amai da suma, bincike ya danganta abin da cin 'ya'yansa ɗanye. Gubar da ke ciki tana ɗaure inzayim ɗin mitokondiriya masu ƙona kitse, sai sukarin jinin yaro ya faɗi warwas cikin dare. Ƙasar da mutanenta ke cin ganye da saiwa iri-iri, suke kuma shan jiƙo da sassaƙe da ba a taɓa auna su ba, ta fi kowa bukatar farantin nan mai ramuka.

Makiyayi ma yana da rabonsa. Shanun da ke tsallakawa kudu da rani suna haɗuwa da ƙudan tsando a dazuzzukan bakin ruwa, su dawo da sammore. Ƙwayar sammore, idan tana cikin jini, da wani inzayim na mitokondiriya take numfashi wanda babu irinsa a jikin mutum ko na saniya, don haka wuri ne mai kyau na kai mata hari. Rukunin Kiyoshi Kita a Jami'ar Tokyo ya haɗa wannan inzayim ta dashe, ya fitar da siffarsa dalla-dalla a 2013, ya kuma nuna yadda wani sinadari da ake samu daga wata funfuna, ascofuranone, ke ɗaure shi. Daga baya, da aka gwada sinadarin a kan DHODH na mutum, sai aka ga yana taɓa shi ma, abin da ya zama gargaɗi ta wani ɓangare, ta wani kuma ya buɗe ƙofar binciken kansa. Hannun 'yan ƙasar nan yana cikin wannan fage. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya lashe babbar lambar kimiyya ta Najeriya a 2009 da aikinsa a kan inzayim ɗin ƙwayar sammore, Emmanuel Balogun na wannan jami'a kuma ya yi aiki tare da rukunin Tokyo. Ke nan ƙwarewar tana nan kusa, abin da kan yanke ta shi ne hanya.

Mutanen Gaya sun fi kowa sanin abin da yankewar hanya ke nufi. Gadar da ta haɗa garin da Malanville tun 1958 ita ce ta kasance maƙogwaron Nijar har zuwa 2023: kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau mota su bi Parakou da Kandi, su tsallako Gaya, su wuce Dosso zuwa Yamai, tafiyar kilomita 1,000 da 'yan kai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, manyan motoci suka yi jerin gwano a tsallake, har da masu ɗauke da kayan agaji da na asibiti. Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha, ta katse layi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta na gadar, fasinja da buhu suka koma kwale-kwale, manyan kaya suka zagaya ta Lome da Burkina Faso. Buhun masara yana jure wannan. Inzayim na bincike kuwa ana ajiye shi ne a sanyin digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili, ana aiko shi cikin akwatin busasshiyar ƙanƙara wadda ke bin iska cikin 'yan kwanaki. Ko ta jirgin sama ya zo, kwana huɗu a hannun jami'an duwan ko dare biyu ba wuta sun isa su mai da shi ruwan banza, kuma ba ya wari ba ya sauya launi balle a gane. Mai bincike zai yi wata guda yana gwaji da gawa, ya fitar da sakamakon ƙarya bai sani ba.

Sa'ar da aka yi ita ce iri ya fi amfanin gona jurewa. Filasmid ɗin da ke ɗauke da umarnin ƙera inzayim ana iya ɗiga shi a kan 'yar takarda ya bushe, a sa a ambulan, ya yi makonni a hanya bai lalace ba. Wata cibiya mai zaman kanta a Amurka, Addgene, tun 2004 take tara irin waɗannan zobba daga masu bincike tana aika su ko'ina a duniya, yawanci ba tare da ƙanƙara ba. Wanda ya karɓi iri sau ɗaya, ya iya renonsa, ya huta da sayen tsaba duk shekara, zai riƙa haɗa ɗan abin da yake bukata a makon da yake bukatarsa. Kayan aikin su ne injin girgiza mai ɗumi, injin juyawa mai tace ƙwayoyi, bututun nikel, na'urar auna launi, da firji mai aiki da hasken rana, kuma yawancinsu suna nan a sassan kimiyyar jami'o'inmu. A Yawunde ta Kamaru wani ƙaramin ɗakin gwaji, Mboalab, ya riga ya nuna cewa ana iya ƙera inzayim ɗin gwajin gado a gida. Ba a ce a gina irin wannan ɗaki a Gaya gobe ba. Gaya ta riga ta kasance cikin wuraren da ake bibiyar ingancin magungunan zazzaɓi a Nijar, rabonta shi ne ta kawo tambaya da samfuri, cibiyar CERMES da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Zariya da Kano su raba aikin ƙira a tsakaninsu, kowa ya ƙware a kan 'yan kaɗan.

Mai hankali zai ce: asibitin da wani lokaci ba shi da jinin ƙari ga yaron da zazzaɓi ya tsotse, ina ruwansa da inzayim? A fara da gidan sauro da ungozoma da ruwa mai tsabta. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda zai ɗauki kuɗin jinin yaro ya sayi injin girgiza ya yi zalunci. Amma aljihun biyu ne. Kuɗin da ake magana a kai na kasafin ilimi mai zurfi ne, wanda yanzu ma ake kashe wani ɓangarensa wajen sayo kayan gwaji da kuɗin waje, a biya dillali, a biya jirgi, a biya ƙanƙara, wani lokaci a karɓi mushe. Tun shekarun 2000 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ga bincike, kusan duka ba su cika ba, don haka ɗan abin da ke akwai ya kamata ya tafi inda zai haihu. Sannan hannun da ya iya haɗa DHODH shi ne dai zai iya haɗa inzayim ɗin da ake gwajin sanƙarau ko zazzaɓin Lassa da shi. A 2020, da annobar korona ta sa ƙasashe masu ƙarfi suka rungume kayan gwaji, an ga yadda masu jiran aike suka koma ƙarshen layi.

Wani zai ce inzayim a cikin ramin faranti ba mutum ba ne, kuma gaskiyarsa. An raba shi da maƙwabtansa, an fitar da shi daga ɓawon da yake zaune a ciki, wani lokaci an yanke masa wani sashe don bakteriya ta iya ƙera shi. Akwai ma manyan injinan murhu da ba a iya haɗa su ta wannan hanya. Na farko a jerin numfashi, wanda ake ganin maganin ciwon sukari metformin yana taɓawa, gaɓoɓi 45 gare shi, 7 daga cikinsu daga rubutun mitokondiriya kansa, shi ya sa har gobe masu nazarinsa ke komawa ga zuciyar sa da ta tumaki, abin da kowace kwata a ƙasar Hausa ke da shi kullum safiya. Shi kansa DSM265, da ya ci jarrabawar faranti da kyau, an dakatar da shi bayan gwajin dabbobi na dogon lokaci ya nuna wata illa da farantin bai gani ba. Darasin da ke nan shi ne a san matsayin kowane gwaji. Faranti rariya ce ta farko, mai araha, mai sauri, wadda ke zubar da tsakuwa dubu kafin a kai ga ƙwayar halitta, sannan dabba, sannan mutum. Wanda ya ƙi rariya don ba ta tace komai da komai, da tsakuwa zai ci tuwonsa.

Akwai kuma damuwar zuciya, wadda bai kamata a yi mata dariya ba: shin ya halatta a sa wani abu na ɗan Adam cikin ƙwayar cuta? Hukunci na malamai ne, amma sai an ba su hoton abin daidai kafin su yanke. Ba a yankar naman kowa, ba a taɓa gawa, ba a ƙirƙirar rai. Rubutun gadon yana cikin taskar kwamfuta, inji ne ke harhaɗa shi daga sinadarai, bakteriyar kuma ana kashe ta da turiri idan an gama. Wannan hanya ce ta ba duniya insulin irin na mutum, wanda aka amince da shi a 1982, kafin nan kuwa daga jikin alade da shanu ake tatso abin da mai ciwon sukari ke yi wa kansa allura da shi. Rashin yardar da mutanenmu ke yi wa bincike ma yana da tushe. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, shari'a ta yi shekaru tana jan ƙafa. Maganin irin wannan tabo shi ne a samu 'yan gida da suka san abin da ya kamata a tambaya, masu ɗakin gwajin da za su maimaita awon da baƙo ya ce ya yi. Nijar da Najeriya da Benin duka sun shiga yarjejeniyar Cartagena kan kula da halittun da aka sauya wa gado, Najeriya kuma ta kafa hukumar wannan aiki a 2015, don haka doka ba ta rasa inda za ta tsaya ba.

Dalili na ƙarshe ya shafi wanda ake aunawa. Rubutun mitokondiriya da aka karanta a Kambirij, wanda har yanzu ake gwada na kowa da shi, na wata Baturiya ne, alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan rassan wannan gado, domin daga nan dukkan rassan suka fito. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa 'yan asalin Afirka ba su wuce wajen kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ba. Sauyin harafi ɗaya kuwa yana iya sauya aikin inzayim. A gabashin Asiya ɗaruruwan miliyoyin mutane suna ɗauke da wani nau'i na inzayim ɗin mitokondiriya ALDH2 wanda bai cika aiki ba, abin da ke rage musu tasirin wani sanannen maganin ciwon zuciya, kuma an fahimci hakan ne saboda masanan can sun sa shi a gaba. Kamfanin da ke sayar da inzayim a kwalba nau'in da kasuwarsa ke nema yake ƙerawa. Idan akwai wani nau'i da ya yawaita tsakanin Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulanin bakin kogi, babu wanda zai ƙera shi ya gwada shi da magungunan da ake sha a nan, sai wanda abin ya shafa.

Lokaci kuma ba ya jira. Dattawan Gaya sun ga zamanin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓi da ƙwaya kaɗan, sun kuma ga ranar da ya zama kamar alli. Magungunan artemisinin da suka gaje shi sun fara nuna rauni a Ruwanda da Uganda da Eritiriya da Tanzaniya, kuma tarihin kulorokwin ya nuna cewa abin da ya ɓullo a gabas yakan iso yamma. Allurar da aka fara a 2024 tana rage cutar, ba ta kawar da bukatar magani. Maganin da zai zo nan gaba, akwai yiwuwar ya zama mai kai hari ga murhun ƙwayar cutar, kuma dole wani ya ɗiga shi a rami biyu ya ga wanne ya koɗe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ambulan mai ɗauke da iri yana iya tsallake Kogin Isa a aljihun fasinjan kwale-kwale ko da gada a rufe take. Abin da ya rage shi ne ya tarar da ɗakin gwaji mai wuta, da ɗalibin da aka koya wa yadda ake renonsa.